Shuka karambola daga iri, da abin da za ka tarar

Karambola, wannan ɗan itacen da in ka yanka shi yake fitowa da siffar tauraro, irinsa ba ya jira sam. In ka ciro shi ka ajiye kwana kaɗan ya bushe to ya mutu, shi ya sa na leda da ake sayarwa yawanci ba ya fitowa. Nemi ɗan itacen da ya nuna sosai ya yi rawaya, ka tsinci iri masu ƙiba, waɗancan shafaffun siraran ba komai a cikinsu, ka wanke santsin nan da ke jikinsu ka shuka a ranar.

Kar ka binne da zurfi, kamar santimita 1 ya isa, a ƙasa mai laushi da ba ta riƙe ruwa, a wuri mai ɗumi da 'yar inuwa. Ƙasar ta zauna da danshi amma kar ta jiƙe sharkaf. Cikin sati 1 zuwa 3 za ka ga sun leƙo. In ka ga ganyen ya naɗe da dare ko da ka taɓa shi kar hankalinka ya tashi, halinsa ne. Iska mai ƙarfi ce dai ba ya so, kuma ƙasa mai farar ƙasa da yawa tana sa ganyen ya koma rawaya.

To ga inda mutane ke shan mamaki. Iri biyar daga ɗa guda, bishiya biyar daban-daban za ka samu, kamar 'ya'yan ciki ɗaya kowa da halinsa, wata ta yi saurin girma wata ta tsaya cak, wata 'ya'yanta zaƙi wata tsami har ka runtse ido, kuma ba za ka sani ba sai ta haihu bayan shekara 4 zuwa 6, wani lokacin ma fiye. Dalili kuwa ƙudan zuma ne ke kawo garin fure daga wata bishiyar. Don haka ko daga Arkin, wani nau'in karambola mai zaƙi, ka ciro iri, ba Arkin za ka samu ba.

Ni dai shawarata ka shuka da yawa, ka zaɓi masu ƙarfi, in kaurinsu ya kai na fensir ka yi musu aure da reshen bishiyar da ka ɗanɗana ka yarda da ita, cikin shekara 1 zuwa 2 ta fara haihuwa. Ka bar ɗaya ko biyu haka nan ka ga me za su bayar.

Don Allah mai ciwon ƙoda kar ya ci karambola, ko kaɗan, yana da guba a gare shi.