Idan jarin poka ya kusa ƙarewa: kurakuran da na gaji da gani

Ba sai na tuna wa kowa hukuncin caca ba, ayar Suratul Ma'ida a fili take, kuma wanda ya iya tashi daga tebur ya bar karta har abada shi ne ya fi kowa riba. Maganata da waɗanda har yanzu suke zaune ce, yaran da ke zuwa wurina ido ya yi ja, jari ya koma 'yan canji, suna tambayar yadda za su farfaɗo. Kuskurensu iri ɗaya ne, kuma duk na yi shi kafin su.

Babba a ciki shi ne neman fanshewa a dare ɗaya. Na taɓa tara dala 600 a teburan intanet, cikin mako biyu ta zube ta koma 70. Maimakon in sauka ƙasa, sai zuciya ta ce mini in hau teburin da ake shiga da dala 50, wai hannu ɗaya mai kyau zai fara mayar mini da abin da na rasa. Hannun kuwa ya zo, As biyu (As shi ne kati mafi girma), wanda babu abin da ya fi shi a Texas Hold'em, nau'in pokar da ake ba kowa kati biyu, kafin a buɗe katin tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa. Na tura komai, wani mai takwas biyu ya amsa, takwas ta uku ta faɗo a tsakiya. Ranar ban runtsa ba. Abin da ban yarda da shi ba a lokacin shi ne, As biyu kan faɗi a gaban ƙananan tagwaye kusan sau ɗaya cikin biyar. Ba zalunci aka yi mini ba, lissafin wasan ke nan. Laifina shi ne ɗora kusan duk abin da na mallaka a kan abin da ke iya kifewa sau ɗaya cikin biyar.

To kai da ka rage da dala 70, me ya kai ka teburin 50? Wurinka teburin dala 2 ne, inda ake zuba santi ɗaya da santi biyu. Ka ji kunya in ka ga dama, babu wanda ya san ka a can. Ni dai ƙa'idar da na kafa wa kaina daga baya ita ce ba na zama a teburin da ba ni da kuɗin shigarsa ninki 30, kuma da jari ya sauko ninki 20 nake komawa na ƙasa ba tare da gardama da kaina ba. Wasu na cewa ninki 20 ya isa tun farko. Ni na sha wuya, ban yarda ba. Chris Ferguson, wanda ya ci babbar gasar duniya a 2000, ya taɓa farawa da babu ko sisi, da gasannin kyauta, har ya kai dala 10,000. Ƙa'idarsa ita ce kada ya shiga tebur da fiye da kashi 5 cikin 100 na jarinsa, gasa mai ɗimbin jama'a kuwa kashi 2, kuma ya kwashe watanni kafin ma ya haɗa ɗarin farko. Gwanin duniya ke nan. Kai da ka fara bara kake son gamawa kafin asuba, alhali zafin nema ba ya kawo samu.

Kuma don Allah ku daina kawo mini labarin Jack Straus. E, a 1982 ya rage da kwandalar wasa guda ta dala 500, ya farfaɗo ya cinye gasar. Amma gasa ce, ya riga ya biya kuɗin shiga, ba abin da zai ƙara fita daga aljihunsa. Me ya sa ba kwa tuna Archie Karas, da ya shiga Las Vegas a 1992 da dala 50, ya kai miliyan 40, ya zubar da ita duka a 1995? Ko Stu Ungar, da ya ci gasar duniya sau uku, na ƙarshe a 1997 da dala miliyan ɗaya, shekara ta zagayo aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal, kuɗin sun tafi?

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, shi ne wanda har yau nake jin zafinsa: taɓa kuɗin da ba na wasa ba. Bayan daren nan na As biyu, kuɗin cefanen wata na ɗauka, da niyyar mayarwa kafin a lura. An lura. Watanni na yi ina biyan bashin da na ci don in rufe ramin, amincin da na zubar a gida kuma ya fi kuɗin daɗewa kafin ya dawo. Wanda ke wasa da kuɗin haya ko na adashin matarsa ba ya iya wasa daidai ma, don tsoro ne ke riƙe masa katin: ya janye inda ya kamata ya tsaya, ya tura inda ya kamata ya janye. In ka kai ga ranto kuɗi ko ɓoye waya in an shigo ɗaki, magana ta wuce gyaran jari. Ka rufe asusun, yawancin shafukan suna da wurin da mutum zai haramta wa kansa shiga, ka faɗa wa wani babba da kake jin nauyinsa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka zuba ragowar kuɗinka a manyan gasanni, mafi yawan masu shiga hannu rabbana suke fita. Ka lura da la'adar da gidan wasa ke yanka a kowane zagaye, a ƙananan tebura ita ke cin mutum a hankali. Tebur ɗaya ko biyu sun ishe ka. Ka rubuta kowane zama a littafi, domin ƙwaƙwalwar ɗan karta ranar ci kawai take riƙewa. Ni kuma in na rasa kuɗin shiga sau biyu a zama guda, kashe kwamfuta nake yi in fita waje, ba na sake buɗe ta sai gobe bayan na yi barci.