Yadda ake dambun naman tafiya, wanda zai kai Makka bai yi funfuna ba

Dambun nama iri biyu ne, uwargida, kuma wanda ake yawan koya miki a bidiyo na farkon ne: mai laushi, mai ɗanyen attaruhu da albasa, wanda ake rabawa ranar suna a cinye kafin jibi. Na biyun shi ne na guzuri, wanda zai kwana talatin ko arba'in a cikin akwati, a ƙasar da zafinta ya haura digiri 50 a Makka lokacin Hajjin 2024. Duk shekara in tashin alhazai ya matso, ko masu Umarar azumi suka fara shiri, sai in ga mata sun yi na farkon sun cusa wa iyayensu a jaka da sunan na biyun. Ni ma na taɓa yi, zan zo kan wannan.

Ki fara da nama. Tsokar cinyar sa za ki saya, zalla, kuma da safe, ba ragowar yamma da ta wuni a kan tebur ba. Ki ce wa mahaucin na dambu ne, ya san inda zai yanko miki. In kin dawo gida ki zauna da wuƙa ki bi shi, ki cire kitse da jijiya da wannan farin tantanin. Naman rago ya fi daɗi, ban musa ba, amma ba na tafiya ba ne. Kitsensa yana daskarewa, kuma bayan mako biyu warinsa yake sakewa. Kaza kuwa ba ta da auki, asarar kuɗi ce. Ki yi lissafinki tun a kasuwa: kilo uku ɗanye, in an gama komai da kyar ki tashi da kilo ɗaya. Wadda ba ta san haka ba ita ce za ta ga abin ya ƙanƙance a kasko, tausayin kuɗinta ya kama ta, ta sauke shi bai gama bushewa ba.

Yankan manya-manya ne, ki bi tsawon zaren naman, kar ki gitta shi. Shi ne zai ba ki dambu mai sili-sili.

Dahuwa ba sai na tsaya koya miki ba. Ruwa kaɗan, iya wuyan naman, da albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro, kimba ɗan kaɗan, gishiri da dunƙule. A nan kaɗai aka yarda ɗanyar albasa ta shiga, don za ta narke. Ki bar shi ya yi luguf har ki danna da bayan ludayi ya fashe, ruwan kuma ya tsotse a jikinsa. Kar ki tsiyaye romo ki zubar, daɗin yana cikinsa. Ki rage hannu wajen gishiri. Wanda ya yi daidai a tukunya, in nama ya bushe sai ya koma kamar kanwa a baki, ga wanda za ki bai wa ƙila tsoho ne mai hawan jini.

Da zafinsa ake dakawa, a busasshen turmi. Blanda ba ta dambu, gari take yi. Bayan daka ki juye a babban tire ki bi da hannu kina tsattsagewa, duk wani curi da ya tsere wa taɓarya ki raba shi. Wannan ƙaramin curin da kike rainawa ruwa ne ƙunshe a cikinsa, kuma daga nan ɓarna take farawa. Ki baza shi ya sha iskar fanka kamar awa guda kafin ki ɗora kasko.

To, suya. A nan ake yin dambu, a nan kuma ake kashe shi.

Shekarar da mahaifiyata za ta sauke farali, an ce musu jirginsu sai mako mai zuwa, don haka na saki jiki. Ranar da na dafa nama, da la'asar sakaliya aka bugo waya cewa su hallara a sansanin alhazai bayan isha'i. Gida ya rikice, masu sallama sun cika tsakar gida, ni kuma ga kilo huɗu na dakakken nama a tire. Na zuba shi duka a tukunya ɗaya, na ƙure wutar gas, na kwarara mai. Cikin minti arba'in ya yi jawur, ƙamshi har ƙofar gida, kowa ya ɗanɗana sai ya ce ma sha Allah. Na juye a bokitin roba da ɗuminsa, na danne murfi, na naɗe da salatif, aka sa a akwati. Abin haushi, sai da suka kwana biyu a sansanin kafin jirgin ya tashi. Kwanansu huɗu a Madina ta kira ni.

"Ke 'yar nan, dambun naki ai ya riga ni yin furfura."

Na ce, "Umma, a sama ne kawai ko? Ku kwashe saman."

Ta ce, "Har gindin bokitin. Ga wani tsami da ya cika mana ɗaki, sai da na bai wa mutane haƙuri."

Haka aka zubar da shi gaba ɗaya, ta ƙarasa zamanta tana tsakurar na wata baiwar Allah Bakatsiniya da suke ɗaki ɗaya. Kuma ko da a sama ne kawai, shawarar da na ba ta ba daidai ba ce: naman da ya yi funfuna ba a kwashe samansa a ci na ƙasa.

Abin da ya faru shi ne, wuta mai ƙarfi tana gasa bayan zaren naman ya yi ja, cikinsa kuwa da sauran ruwa. Ido ya ce ya yi, alhali bai yi ba. Na kuma rufe shi da zafi, tururin ya hau murfi ya zama gumi, ya ɗiga ya koma ciki. Launi ba shaida ba ne, ki cire shi daga lissafi.

Ga yadda nake yi yanzu. Tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, ba ta silba mai shara-shara ba. In da hali gawayi, a bar shi ya ruru ya kwanta, a ɗan yafa masa toka. In gas ne, ki mayar da shi can ƙasa. Man gyaɗa na ƙuli za ki sa, ki fara soya shi da albasa don kashe gafinsa, sannan ki tsame albasar tas, ko ɓurɓushi kar ya rage. Kar ki zuba man duka lokaci ɗaya, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, iya abin da zai jiƙa naman ba wanda zai yi iyo a ciki ba. Kilo uku ki raba shi biyu. Na san gawayi da mai sun yi tsada, kuma zuwa biyu cin lokaci ne, amma tukunyar da aka cika ba suya take yi ba, turara nama take yi.

Daga nan sai muciya da haƙuri. Ki sa kujera 'yar tsuguno, ki kashe waya, ki aika yara maƙwabta. Da farko za ki ga tururi yana tashi, mai yana kumfa, tukunya tana cuuu. Sannan ya zo wani wuri da zai yi nauyi yana neman kamawa, hannu ya fara ciwo. Yawancin mata a nan suke karaya, su ga ya ɗan yi ja su ce ai ya isa. Ki ci gaba. Can za ki ji muciyar ta yi sauƙi, kumfar ta kwanta, tururin ya ɗauke, ƙarar kuma ta sauya ta koma shar-shar kamar ana juya ɗanyar shinkafa a tire. Kunne za ki bi. Ni kowane zuwa yana ɗaukar mini awa ɗaya da rabi, wani lokaci biyu in naman ya sha romo da yawa.

Kayan yaji busassu kawai, kuma sai saura kamar minti goma ki sauke: dakakken barkono, garin citta, masoro, kanumfari. In kika sa barkono da wuri zai ƙone ya yi ɗaci, ga tarin da zai tashi gida. Masu sa jajjagen attaruhu a wannan matakin, ruwan da suka yi awa biyu suna kora suke mayarwa da hannunsu.

Akwai gwajin da ban taɓa tsallakewa ba tun abin da ya same ni. Ki ɗebi cokali biyu ki bar shi ya huce sarai, ki zuba a farar leda ki ƙulle, ki ajiye a rana kamar rabin awa. In kika ga ledar ta yi hazo daga ciki, ko ɗigon gumi komai ƙanƙantarsa, ki mayar da dambun kan wuta. In ledar ta fito garau, ki murza kaɗan tsakanin yatsu, ya kamata ki ji yana ƙaras-ƙaras. Wannan ya sa ba na suyar dambun tafiya da dare, kuma ba na jiran a kira jirgi. Da an fara bita nake yin nawa, in ya bushe da gaske zaman mako biyu a gida ba ya yi masa komai.

Sai tsane mai. Ki juye a gwagwa ki ɗora kan roba ya kwana yana ɗiga, ko ki ƙunsa a farin ƙyalle mai tsabta ki matse. Man da ya fito kar ki zubar, ki yi wa yara shinkafa da wake da shi. In kika bar mai da yawa, zafin hanya zai narkar da shi ya bi kusurwar leda ya fita, kuma ba abin da yake nema a cikin akwati sai farin haramin Alhaji. Bayan nan ki baza a tire, ki rufe da rariya ko mayani mai shara-shara saboda ƙuda, ya wuni a buɗe har ki tura hannu tsakiya ki ji sanyi.

Ƙulli ƙanana-ƙanana ake yi, kowane na cin kwana biyu, leda biyu-biyu, sannan a jera a busasshen gwangwanin madara mai murfi. Mazubi ɗaya babba da ake buɗewa safe da yamma, kowa na tura hannu da danshin alwala, ba zai yi mako ba. Kuma kar ki sa a firji da niyyar ya daɗe. Ranar da aka fito da shi zai yi gumi a cikin ledar, aikinki ya koma baya.

Sauran guzurin ba su da wuya: yajin ƙuli mai citta, garin kunun gyaɗa ko na tsamiya da ruwan zafi kaɗai yake buƙata, garin kwaki, ƙuli-ƙuli. Daddawa ki haƙura da ita, duk naɗin da kika yi mata sai ta yi sallama. Kowane gari ki rubuta sunansa a jikin ledar. Duk ki sa a babban akwati. Man shanu ko zuma a jakar hannu, in ya wuce mililita 100 a filin jirgi za a karɓe. Goro an sha gargaɗin alhazai a kansa, kar ki bari tsohuwa ta lallaɓe ki ki ɓoye mata a cikin safa. A wajen bita ana karanta abin da aka hana a shekarar, ki je da kanki ki saurara, kar ki dogara da abin da ta ce ta ji. Kuma ki ja mata kunne, ƙullin kowa kar ta karɓa a sansani ko a filin jirgi, ko da an ce kuka ce za a kai wa 'yar'uwa a Jidda. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. In kuwa tafiyar Ingila ce ko Amurka, ki bar dambu da kilishi a gida, ba a shiga musu da nama ko wane iri ne a kaya, kwashewa za su yi.

A can kuma ba sai an koya wa kowa ci ba. Abincinsu yana da kyau, shinkafar bukhari da kabsa da mandi, sai dai ba yaji, kwana uku bakin Bahaushe ya gundura. Tsohuwa ta barbaɗa yajinta, ta zuba dambu a kai. Da safe a sayo gurasar tamis mai zafi daga tanda, a tsaga a cusa dambu, a kora da laban, wato nono irin nasu, ko shayi. Kazar gidan abincin Al-Baik a ci sau ɗaya don a ce an ci, layin ba na tsofaffi ba ne. In kwaɗayin tuwo ya taso, wajen unguwannin Misfala da Shara Mansur a Makka akwai matanmu mazauna can masu tuwo da miyar kuka. A ɗakin otal ba a girki, a Mina kuma an hana tukunyar gas gaba ɗaya, kuma kwanakin nan na Mina da Arfa su ne lokacin da dambun ya fi amfani, ga gajiya ga abinci ba ya zuwa a kan kari. Ki ware ƙulli huɗu ki sa a leda daban, ki rubuta Mina a jiki da babban baƙi, ki cusa can ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa. In ba haka ba, na san halin iyayenmu, tun a Madina za ta rabar wa 'yan ɗaki.