Ku riƙa tafiya da ɗan littafi in za ku kai masu jinkirin fahimta asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina shekarunsa 34, yana da jinkirin fahimta tun haihuwa. Likita na tambayarsa inda ke ciwo, sai ya yi murmushi ya ce "lafiya lau", ko da haƙori ya hana shi barci kwana uku.

Shi ya sa na saya masa ƙaramin littafi. A ciki na rubuta magungunansa da lokacin sha, ranar da farfaɗiya ta taso masa, da alamun ciwonsa: in ya ƙi tuwo yana dafe kunci, to akwai matsala. Na kuma rubuta cewa a yi masa magana a hankali, shi da kansa, ba ni ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai, a riƙa yi kamar ba ya wurin!

Ku je da sassafe kafin cunkoso. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara duba su a layi. Ku faɗa wa nas cikin ladabi. Hukumarsu ta ƙasa ma tana nan Abuja, in kuna da ƙorafi.