Yadda za ka kawar da ƙugin sifika a gida

Ana ta tambayata kan wannan "huuuu" da sifika ke yi ko ba a sa waƙa ba. Ga yadda nake bi.

1. Rage murya gaba ɗaya, ka kashe amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa sifika.

2. Zare duk wayoyin da ke bayanta, na talabijin, dikoda da kwamfuta. Bar na sifika da ta wuta kawai.

Hattara: kada ka zare waya amfilifaya na kunne. Ƙarar "ɗas" ɗin nan na iya ƙona ƙaramar sifika.

3. Kunna, ka kasa kunne. In ƙugin yana nan, ciwon na cikin amfilifayar ne, sai mai gyara.

4. In ta yi tsit, mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowace.

5. Wadda ƙugin ya dawo da ita, nan matsalar take. In ta dikoda ce, sau da yawa wayar dish mai shiga dikodar ce sanadi. Kwance ta ka ji bambanci.

6. Jona kayan duka a soket ɗaya.

7. Raba wayar sauti da wayar wuta, kada su kwanta tare a bayan kabad. Cajar waya mai araha ma nisanta ta.

8. Duba kan wayar sautin nan ja da fari. In ya yi tsatsa ko yana lilo, sake sabuwa.

Hattara sosai: wasu kan karya dogon ƙarfen filogi na sama don ƙugin ya tsaya. Don Allah kada ka yi! Shi ne ke kai wuta ƙasa in ta zubo jikin na'ura, ba jikin yaronka ba.

9. In kana jin wuta na ɗan tsikararka a jikin amfilifaya, kashe komai ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan.