Kafin ku kama hol ɗin biki a Zariya

'Yan'uwa masu shirin biki, kafin ku ba da kafin-alƙalami, a Samaru ne ko Sabon Gari, ku tambaya ko za a bar ku ku kawo naku masu abinci. Wasu otal-otal sai dai ku sayi komai a hannunsu, har ruwan roba.

In sun yarda, ku rarraba aikin. Waina da miyar taushe a ba wata uwa a cikin Birni, zoɓo da kunun aya wata a Tudun Wada, kujeru wani daban. Ko ɗaya ya saɓa alkawari biki ba zai tsaya ba, ga kuɗin ya shiga gidaje da yawa. Man janareto kuwa, a rubuta wanda zai saya, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar kamu.