Yadda Ake Gasa Fai Ɗin Tumatir Irin Na Kudancin Faransa

Fai ɗin nan kwaɓin fulawa ne da ake jera tumatir a kansa a gasa. A can a watan Yuli da Agusta ake yinsa, lokacin da tumatir ya nuna ya yi arha.

Ki fara da kwaɓi. Ki murje fulawa giram 250 da bota mai sanyi giram 125 da ɗan gishiri har su yi wara-wara, ki zuba ruwan sanyi cokali 4 ki dunƙule. Kada ki yi ta murza, zai yi tauri. Ki sa a firji minti 30.

Tumatir shi ke da rigima. Ki zaɓi manya 5 masu tsoka, ki yanka faifai-faifai, ki barbaɗa gishiri ki bar su a kwando minti 20. Za ki ga ruwa na ɗiga ta ƙasa. In kika tsallake wannan, ƙasan fai ɗin zai jiƙe ya yi caɓal.

Ki soya albasa da tattasai sama-sama. Ki shimfiɗa kwaɓin a faranti, ki tsittsira shi da cokali mai yatsu, ki shafa mustad (wani abin shafawa mai ɗan yaji da tsami) siriri. Sai albasar, sai tumatir a jere, ki yayyafa man zaitun da masoro. Cuku in akwai.

Ki gasa a oba (tanda ta gashi) mai zafin digiri 200 na ma'aunin Celsius kamar minti 40, har gefen ya yi ja. Ki bari ya huce kafin ki yanka.