Yadda za ka fara nazarin muhalli a jami'a

Shawarar da nake ba ɗaliban ajin farko ita ce su zaɓi wuri ɗaya tak, su bi shi ta kowane sashe na jami'a. Ni fadamar Haɗeja zuwa Nguru nake ba su.

Fara da sashen labarin ƙasa. Nemi taswirar kogin Haɗeja, ka ga inda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Chalawa a 1992, ka tambayi yadda suka sauya ambaliyar da fadamar ke rayuwa da ita. Daga nan sai masu ilmin tsirrai, su bayyana maka dalilin da kacalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa: ruwan da ake saki har da rani ba ya barin ƙasa ta bushe, kacalla kuwa abin da take so ke nan.

A nan yawancin ɗalibai ke tsayawa, kuma kuskure ne. Je ka zauna da masunta da makiyaya da manoman shinkafa, ka ji wa ya yi asara, wa ya ci riba. Tattalin arziki da dokar filaye duk suna cikin amsarsu.

Riƙe littafi guda, kowane sashe da shafinsa, ka riƙa rubuta inda malamanka suka saɓa wa juna.